Cape Fear: wa ya fi laifi, mai bibiyar ko maigidan?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya na sake kallon Cape Fear, na 1991 wanda Martin Scorsese ya ba da umarni, kuma tun da na tashi yau abu ɗaya ke cin raina. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai. Max Cady, wato Robert De Niro, ya fito daga kurkuku bayan shekara 14, bai zame ko'ina ba sai garin da tsohon lauyansa Sam Bowden ya koma da zama da matarsa Leigh da 'yarsu Danielle mai shekara 15. Unguwa shiru, gida mai fili da bishiyoyi da katanga, irin wurin da mutum ke saye don ya huta da hayaniyar birni. Lokacin da na fara ganin fim ɗin ina saurayi, na ɗauka labarin mahaukaci ne da ya addabi bayin Allah. Jiya kuwa sai na ga ba Cady nake jin haushi ba, Sam nake jin haushi. Shi ya ɓoye takardar da za ta iya rage wa mutumin hukunci, shi ya ɓoye wa matarsa gaskiya, shi ya ɗauko 'yan daba. To wa ya jawo wa gidan nan bala'i?

Auwal: Haba Yaya Nura. Mutumin da ya yi wa yarinya 'yar shekara 16 fyaɗe ya lakaɗa mata duka, shi ne yau ake neman wanda ya fi shi laifi? Tsufa ya fara taɓa ka.

Nura: Ban ce Cady mutumin kirki ba ne, ƙanena. Cewa na yi sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka lura, duk inda Cady ya bi ya shiga gidan nan, ƙofar da Sam ya bari a buɗe ce.

Barista Hadiza: Malam Nura ya taɓo wurin da ni ma yake min ƙaiƙayi, don haka ku ba ni dama in ɗan yi tsawo.

Abin da Sam ya yi, a aikin lauya, cin amana ne, ba shi da wani suna. Lauyan gwamnati ne da aka ba shi ya kare wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Tun shari'ar Gideon ta 1963 kotun ƙolin Amurka ta ce dole jiha ta ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya, kuma amfanin wannan lauyan shi ne ya tsaya wa mutumin ko da ya tsane shi. In ba zai iya ba, sai ya nemi kotu ta sallame shi a ba wani. Sam bai yi haka ba. Ya zauna a kujerar mai karewa, yana aikin alƙali a ɓoye. Ga shi Cady a lokacin bai iya karatu ba, bai san abin da ke cikin takardunsa ba, sai a kurkuku ya koya har ya karanci doka ya gano abin da aka yi masa.

Amma ku dubi abin da ke cikin takardar. Rahoto ne da ke cewa yarinyar tana hulɗa da maza. Wato da an gabatar da shi, shari'ar za ta juye ta koma kan yarinyar, a dinga tonon rayuwarta a gaban jama'a, alhali ita aka zalunta. Saboda irin wannan ne ma jihar Mishigan ta kafa doka a 1974 da ta taƙaita kawo tarihin matar da aka yi wa fyaɗe a kotu, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1978. Don haka a matsayina na lauya na ce Sam ya yi kuskure. A matsayina na mace kuwa, wallahi hannuna ba zai iya miƙa wannan takardar ba. Fim ɗin ya sa ni a tsaka mai wuya, shi ya sa nake girmama shi.

Maman Ilham: Barista, ni duk wannan bayanin na doka bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci wurin nan ne na makaranta. Cady ya kira Danielle a waya ya ce shi sabon malamin wasan kwaikwayo ne, ta sauka ita kaɗai zuwa ɗakin wasan, ba wuƙa ba bindiga, magana kawai. Ya gano tana jin haushin iyayenta, suna faɗa kullum, ba mai sauraronta. Shi kuma ya saurare ta. Shi ke nan. Duk uwar da ta kalli wurin nan cikinta sai ya ɗuri ruwa.

Nura: Anti, kin faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kai. Ba Cady ya raba kan gidan nan ba, a rabe ya same shi.

Malam Sabo: Ku yara kun san na 1991 kawai. Akwai na farko, na 1962, baƙi da fari, J. Lee Thompson ya ba da umarni, Gregory Peck ne Sam, Robert Mitchum ne Cady. Dukansu daga littafi ɗaya aka ɗauko su, na John D. MacDonald da ya fito a 1957. A na farkon, Sam ba lauyan Cady ba ne, shaida ya bayar a kansa, aka ɗaure shi shekara 8. Ba shi da laifin komai, matarsa na son sa, 'yarsa na yi masa biyayya. Wannan tambayar taka Nura ba ta ma taso ba a can. Scorsese da marubucinsa Wesley Strick ne suka shafa wa Sam kashin kaji da gangan.

Ni kuma na fi jin tsoron Mitchum. De Niro ya cika jiki da zane, ayoyin Baibul da ma'aunin adalci a gadon baya, yana ihu yana wa'azi. Kana ganinsa daga nesa ka san ka canza hanya. Mitchum kuwa hula ce da sigari da murmushi, idanu kamar mai jin barci. Irin mutumin da za ka ba kujera ya zauna.

Wani abin daɗi, Scorsese ya dawo da dattawan cikin nasa amma ya juya su. Mitchum ya zama ɗan sanda, Peck ya zama lauyan da ke kare Cady, Martin Balsam ya zama alƙali. Kiɗan ma na Bernard Herrmann ne na tsohon fim, Elmer Bernstein ya sake tsara shi.

Auwal: Baba Sabo ya zo da tarihi. Ni dai wurin silima ya fi burge ni, inda Cady ya zauna a gaban su Sam yana busa sigari yana ƙyaƙyata dariya har suka tashi. Ka ce me ya yi? Dariya ya yi a silima. Kai ƙara mana mu gani.

Barista Hadiza: Auwal, da wasa ka faɗi zuciyar fim ɗin. Ka ƙirga abin da ya yi a rabin farko: ya yi dariya a silima, ya tsaya da mota a gefen titi, ya zauna a kan katangar gidan ana wasan wuta da dare, ya gaida matar gida. Kowanne in ka ware shi, ba laifi ba ne. Kare ya mutu da guba, ba shaida. 'Yan sanda sun kama shi sun tuɓe shi sun caje, ba su sami komai ba, ga kuɗinsa a banki, ba za a ce masa zauna-gari-banza ba. Matsalar bibiya ke nan a idon tsohuwar doka: doka na neman aiki guda da za ta nuna da yatsa, ita kuwa bibiya tarin ƙananan abubuwa ce, sai an jera su ake ganin hoton.

Ku duba shekarun. Jihar Kalifoniya ce ta fara kafa dokar hana bibiya a Amurka, a 1990, shekara guda kafin fim ɗin ya fito. Abin da ya tunzura jama'a har da kisan 'yar wasa Rebecca Schaeffer a watan Yulin 1989, tana da shekara 21. Wanda ya kashe ta ya daɗe yana aika mata wasiƙu, ya biya mai bincike ya samo masa adireshinta daga ofishin rajistar motoci, ya je har ƙofar gida ya harbe ta. Daga baya a 1994 aka yi dokar tarayya da ta hana ba da bayanan direbobi haka kawai. Birtaniya ta yi dokar hana tsangwama a 1997, sai a 2012 aka ambaci bibiya da sunanta a matsayin laifi a Ingila da Wales. Jafan a 2000, ita ma bayan kisan wata ɗaliba a 1999. Kusan ko'ina sai da aka ɗauki gawa kafin a ɗauki alƙalami.

Dakta Kabiru: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Abu ɗaya nake so a gyara, kalmar "mahaukaci" da aka ambata. Cady ba mahaukaci ba ne a ma'anar da muke nufi a asibiti. Ya san ranar da yake, ya san doka fiye da lauyan, yana shirya abu mataki-mataki, yana naɗar maganar Sam a rikoda ya kai kotu. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya iya wannan. Mugu ne mai riƙo, wannan daban, ciwo daban.

Akwai likitoci a Ostireliya, Paul Mullen da Michele Pathé da abokan aikinsu, da suka kasa masu bibiya gida 5 a 1999. Akwai wanda aka rabu da shi ya ƙi haƙura, akwai mai jin an zalunce shi yana neman ramuwa, akwai mai neman soyayyar wanda bai ma san da shi ba, akwai wanda bai iya neman aure ba yana ta naci, sai mai farauta da ke shirin kai hari. Cady na gida na biyu ne, da ɗan gamin na ƙarshe. Masu ciwon gaske sun fi yawa a gida na uku, inda ake samun wanda ya yi imani ɗari bisa ɗari cewa wata fitacciya na son sa a asirce, ciwon da likitan Faransa de Clérambault ya yi bayaninsa tun 1921. Amma yawancin masu bibiya ba su da wannan ciwon, kuma yawancinsu ba baƙi ba ne. Tsohon miji ne, tsohon saurayi, abokin aiki, maƙwabci. Su ne ma suka fi kai hannu.

Abin da ke ɓata min rai da irin waɗannan finafinan, sun koya wa mutane cewa mai taɓin hankali shi ne abin tsoro. Marasa lafiyan da nake gani sun fi zama waɗanda ake cuta.

Auwal: Dakta, to wanda ya ɗaure kansa a ƙarƙashin mota aka yi doguwar tafiya da shi har bakin kogi, shi ma lafiyarsa ƙalau?

Dakta Kabiru: Wannan ba ciwon Cady ba ne, ciwon marubucin ne.

Malam Sabo: Hahaha! Allah ya biya ka Dakta. Daga wurin motar nan fim ɗin ya sauka daga layi. An ɗauki awa ɗaya da rabi ana gina mutum mai wayo wanda doka ta kasa kamawa, sai a ƙarshe aka mai da shi aljani. An watsa masa ruwan zafi ko gezau, yarinya ta fesa masa man wuta ya kama da wuta ya faɗa kogi, ya sake hawowa jirgi. Daga nan na daina jin tsoro, na koma kallon dambe.

Nura: Baba, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Na yarda an yi ƙari, amma cikin jirgin ne aka yi shari'ar da ba a yi ba shekara 14. Ya tsayar da Sam a gaban matarsa da 'yarsa, ya sa shi ya furta da bakinsa cewa ya binne takardar. Abin da mutumin yake nema ke nan tun farko. Ka tuna Sam ya yi masa tayin kuɗi a gefen titi, ya tambayi nawa zai ba shi ya tafi. Bai taɓa cewa "na cuce ka" ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi ya sa duk lokacin da aka tambaye shi me ya haɗa su sai ya kama kame-kame.

Maman Ilham: Nura, ina jin ka, amma kada ka kai mu inda ba za mu iya dawowa ba. Ko da Sam ya durƙusa ya ba da haƙuri, kana ganin mutumin nan zai ce ya yafe ya tafi? Me Lori ta yi masa, ma'aikaciyar kotun nan da ya yi wa kaca-kaca? Me mai aikin gidan ta yi masa da ya kashe ta ya sa kayanta? Maza biyu ke rigima, amma duk jikin mata ake saukewa. Ita Lori ma ta ƙi kai ƙara, domin a kotu take aiki, ta san irin tambayoyin da za a yi mata. Ka ga takardar da Barista ke magana a kai ta dawo ta wata ƙofar.

Nura: Wannan gaskiya ne Anti, ban kalle shi ta nan ba. Na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Zainab: Ban cika magana a nan ba, amma bari in faɗi wani abu. An taɓa bibiya ta kusan shekara guda. Wani ne da muka yi aiki tare, na ce masa a'a cikin mutunci. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa cewa zai yi min wani abu ba. Saƙo ne kawai: kalar kayan da na sa yau ta yi kyau, me ya sa na canza hanyar komawa gida, fitilar ɗakina ta daɗe a kunne jiya. In na toshe lamba sai wata ta shigo. Da na kai kuka inda ya kamata, tambayar farko da aka yi min ita ce, "To ya taɓa ki?" Ta biyu, "Me kika yi masa da ya liƙe miki?"

Shi ya sa muhawararku ta wa ya fi laifi ta ɗan sosa min rai, Malam Nura, duk da na san ba haka kake nufi ba. Fim yana son a ce akwai dalili, maigida ya yi wani zunubi shi ya sa. Ni ba ni da takardar da na ɓoye. Kuma abin da fim ba ya iya nunawa shi ne gajiya. Ba kiɗa, ba jirgi, ba hadari. Kawai ka wayi gari ka ga ka daina zuwa wuraren da kake so, kana leƙa taga kafin ka fita, wayarka na ƙara gabanka na faɗuwa. Rabin farko na fim ɗin ya kusa da gaskiya. Rabin ƙarshe ban iya ƙarasawa ba, ba don tsoro ba, don haushi, su aƙalla nasu ya nutse a kogi an gama.

Maman Ilham: Sannu 'yata. Allah ya kiyaye gaba, ya saka miki.

Nura: Ki yafe ni Malama Zainab. Kan fim nake magana, amma na ga yadda maganar ke sauka a kunnen wanda abin ya taɓa.

Barista Hadiza: Sannu ƙanwata. Ga duk wanda ke cikin irin wannan, tunda an zo wurin: kada ku goge saƙo ko ɗaya, ku ɗauki hotonsa da rana da lokaci. Ku rubuta duk inda kuka gan shi da wanda ke wurin. Ku faɗa masa sau ɗaya a rubuce cewa ba kwa son hulɗa, daga nan kada ku sake amsawa, domin in ya kira sau 40 kuka ɗaga a na 41, kun koya masa farashin muryarku ke nan. Ku sanar da mutanen gida da na wurin aiki. Kuma kada ku yi irin ta Sam. Ya yi barazana an naɗa, ya tura mutum 3 su daki Cady, Cady ya dake su, aka wayi gari kotu ta ba Cady takardar hana Sam kusantarsa, ga kwamitin ladabtar da lauyoyi na jiransa. Mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma.

Dakta Kabiru: Ƙari kan na Barista: lokacin da aka yanke hulɗa ko aka kai takardar kotu, a ƙara kula sosai, domin wasu a lokacin suke harzuƙa. Takarda ba ta tare ƙofa.

Auwal: Anti Zainab ki yi haƙuri da barkwancina na ɗazu. Maganarki ta sa na tuna Darr na 1993, na Yash Chopra. Mun taso muna tausayin Shah Rukh Khan a fim ɗin nan, muna kwaikwayon yadda yake in'ina wajen kiran sunan Kiran, har muna jin haushin Sunny Deol da ya auri yarinyar. Yanzu da na tuna, mutumin yana kiran waya ba dare ba rana, ya bi su har wurin hutun amarci, ya kashe mutane. Mu kuma muna cewa so ne.

Zainab: Ba komai Auwal. Ai gara Cape Fear sau dubu, ko ba komai bai sa wa mai bibiyar waƙa mai daɗi ba.

Barista Hadiza: Indiya ma sai 2013 ta shigar da sashe na 354D a dokar laifukanta, wanda ya mai da bibiya laifi, shekara 20 bayan wancan fim ɗin.

Malam Sabo: Masu fim sun san abin da 'yan kallo ke so. Fatal Attraction na 1987, ƙarshen da aka fara ɗauka matar da ke bibiyar maigidan ce ta kashe kanta. Aka nuna wa 'yan gwaji ba su so ba, suna son su ga an hukunta ta, aka koma aka sake ɗauka matar gida ta harbe ta a banɗaki. Glenn Close, wadda ta fito a matsayin mai bibiyar, ba ta so canjin ba, ta yi ta gardama kafin ta yarda. Mu ne muke biyan kuɗin ganin dodo, Dakta, ba laifin marubuci kaɗai ba ne.

Nura: To Baba, a ina zan samu na 1962? Ina so in ga ko zan tausaya wa Sam ɗin da ba shi da laifi, ko kuwa zai gundure ni.

Malam Sabo: Zai gundure ka, Peck ya cika tsabta. Mitchum za ka kalla. Ka kula da wurin da ya fasa ƙwai a hannunsa a cikin jirgi, sai ka dawo mu yi magana.

Maman Ilham: Ni kam ba da ni ba. Wancan ma sai da na tashi sau biyu na duba sakata.